Samari a daina takura wa katin girafik a zafin nan

Assalamu alaikum Edita, don Allah ba ni fili in ja hankalin masu shagon gem a Katsina kan obakulokin da ake yayi, wato ƙara wa katin girafik (na'urar da ke sarrafa hoto a cikin kwamfuta) gudu fiye da saitin kamfani. Ni ma na gwada a katina samfurin GTX 1060, gem ya ƙara santsi kam amma wallahi bai taka kara ya karya ba, sai fanka ke ihu kamar injin markaɗe, zafi ya haura digiri 80, hoto ya fara ɗige-ɗige ya tsaya cak. Katin da kansa yake rage gudu in ya ɗau zafi, balle a Afrilu. Ƙannena ku fara kakkaɓe ƙurar hunturu daga fankar tukuna.

Naku, mai karatu daga Ƙofar Ƙaura, Katsina