Godiya ga Makanikan Ƙafafun Tirela na Mararrabar Jos

Zuwa ga Oga da yaransa, masu garejin gyaran ƙafafun manyan motoci da ke bakin titi a Mararrabar Jos, kan hanyar Kaduna zuwa Zariya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Da na kira Oga a waya na yi godiya ma ya wadatar, amma na ga gara in yi ta a gaban jama'a, domin aikinku irin wanda ido ba ya gani ne. Mai fenti in ya yi aiki, kowa ya shaida. Mai gyaran boris (ƙarfen da ƙafar mota ke juyawa a kansa) kuwa, da zarar ya mayar da murfi ya ɗaure taya, babu wanda ya san abin da ya bari a ciki sai shi sai Allah. Mai mota yana gida, direba hankalinsa na kan hanya, kuɗin aiki kuma ɗaya ne ko an yi da kyau ko an yi ha'inci.

Sana'ata dakon hatsi ce, daga kasuwar Dawanau ta Kano zuwa Kudu. A cikin daminar da ta wuce direbana ya tsaya a Mararraba da lodin masara, ya zagaya yana taɓa cibiyar kowace ƙafa da bayan hannu kamar yadda ya saba. Ɗaya daga ƙafafun baya ta ɗauki zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, ga giris ya fantsama a cikin wili. Ina Kaduna a ranar, sai na taho. Abin da zan faɗa ke nan da idona na gani, ba labari aka ba ni ba.

Direba ya so a ɗan cusa giris ya wuce, saboda mai kaya yana ta buga masa waya. Oga ya ce ba a garejinsa ba, sai an buɗe. Aka sa katako aka tare tayoyi, aka ɗaga da jak, aka kuma kafa wani ƙarfe a ƙarƙashin aksul kafin yaro ya matsa kusa. Wannan kaɗai ya burge ni, don na sha ganin inda ake barin mota mai lodi a kan jak ɗaya da dutse.

Da aka zare cibiyar, giris ɗin ya koma fari-fari, ya tsinke. Oga ya nuna mini robar nan mai tare giris, wadda kuke kira sil, ta tsage. Ta nan ruwan kududdufai da yashi suka samu hanya. Kowace ƙafa boris biyu gare ta, na ciki da na waje, irin mai 'ya'yan ƙarfe masu faɗi a gefe ɗaya da tsukewa a ɗaya gefen. Wani maƙerin keken doki a Amurka, Henry Timken, shi ya yi wa wannan samfuri rajista a 1898, kuma har yau ana amfani da shi a manyan motoci saboda yana ɗaukar nauyin da ke danno shi daga sama da wanda ke turo shi daga gefe idan mota ta sha kwana. Yaranku suka wanke duka biyun tas da kalanzir, suka shanya a kan kwali mai tsabta, ba a ƙasa ba. Sai da suka bushe aka fara dubawa. Na wajen ya yi shuɗi-shuɗi, alamar ya sha wuta, 'ya'yansa sun yi ƙananan ramuka. Na cikin da sauƙi, amma Oga ya goga farce a kan zoben da yake gudu a kai, ya ce in gwada. Na ji kaushi.

A nan ne na san da masu amana nake. Zoben nan a matse yake cikin cibiya, fitar da shi wahala ne, shi ya sa wasu suke barin tsohon su ɗora sabon boris a kai, mai mota kuma ba zai taɓa sani ba sai bayan 'yan watanni. Ku kuka fitar da duka zobban, kuka goge mazauninsu, kuka shigar da sababbi a hankali, kuna ɗora tsohon zobe a kan sabon kuna bugawa ta kowane gefe har ƙarar guduma ta canza, alamar ya zauna. Ba ku bari guduma ta taɓa fuskar sabon ƙarfe ba. Kun kuma duba bakin aksul ɗin ko zafi ya cinye shi, Allah ya taimaka bai kai can ba.

Batun kaya ma ba ku rufe ni ba. Kowa a wannan harka ya san kasuwa cike take da jabun boris a cikin kwalaye masu sunan manyan kamfanonin boris, SKF da Timken. Oga ya karanta lambar da ke jikin tsohon, ya faɗa mini farashin mai kyau da na mai araha, ya ce zaɓi nawa ne amma shi ba zai tsaya wa mai arahar ba. Na sayi mai kyau. Tsofaffin kuma aka ƙulle mini a leda aka miƙo mini, ba tare da na tambaya ba.

Sa giris ɗin wani ƙaramin yaro ne ya yi, Oga na tsaye a kansa. Ya ɗebi giris a tafin hannu, yana danna bakin boris a kai, yana juyawa, har giris ya ɓullo ta ɗaya gefen tsakanin kowane ɗa da ɗan'uwansa. Da ya so ya tsaya da wuri aka ce ya sake. Daga sabon bokiti mai murfi aka ɗebo, ba a gauraya shi da ragowar tsohon ba, domin giris iri-iri ne, wani in ya haɗu da wani sai ya tsinke ya zube. Ba a kuma danƙare cibiyar da shi har baki ba, saboda yawansa ma zafi yake kawowa. Ni da na ɗauka yawan giris shi ne alheri.

Sai ɗaurin noti, wanda Oga bai bar wa kowa ba. Ya ɗaure tamau yana juya ƙafar don komai ya zauna, ya sassauta, ya sake ɗaurewa a hankali, ya ɗan dawo baya, sannan ya kulle. In ya matse da yawa boris zai ƙone, in ya saki da yawa ƙafa za ta riƙa rawa, ta cinye sil, ta cinye taya ta gefe ɗaya. Wasan da ake so ya rage bai wuce kaurin takarda ba. Ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ya juya ta yana saurare. Takalmin birkin da giris ya jiƙa shi ma aka canza, don birki mai maiƙo ba ya kamawa. Kafin a sallami direba aka ɗaga sauran ƙafafun ɗaya bayan ɗaya aka gwada, aka ce ya tsaya a gaba kaɗan ya sake taɓawa.

Mun yi asarar yini guda, mai kaya ya yi fushi. Amma duk wanda ya san hanyar Abuja zuwa Lakwaja ya ga tirelolin da suka ƙone daga ƙafa, ko tayar da ta fice da cibiyarta ta nufi ƙananan motoci. Mukan ce tsautsayi, alhali sau da yawa boris ne ya daɗe yana kuka ba a saurara ba. Motar ta kai Legas ta dawo, tana kan aiki har yanzu, ƙafar nan sanyi ƙalau.

Ƙorafina ɗaya ne, Oga: a samu littafin rasit, a riƙa rubuta ranar aiki da ƙafar da aka taɓa, domin mu masu mota mu san lokacin da ya kamata a sake buɗewa. Benci a ƙarƙashin rumfa ma ba zai yi laifi ba.

Na riga na gaya wa direbobina su kawo muku sauran motocin kafin damina ta sake sauka. Allah ya sa wa sana'a albarka, ya tsare hannuwanku, ya nuna mana ranar yaye yaran nan.

Naku,
Wani mai dakon hatsi, Dawanau, Kano.