Takardar Koke Kan Gurɓatar Iska a Filin Ƙwallon Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Mai Unguwa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu iyayen yara da masu horar da 'yan ƙwallo a wannan gunduma ta Kano muna kawo kukanmu kan lafiyar yaranmu.

Filin da suke atisaye yana tsakanin tashar adaidaita sahu da garejin masu fentin mota, ga bola a gefe da ake cinna wa wuta har da tayoyi. Hayaƙin kowa yana gani. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne iskar ozon, wadda ido ba ya gani. Ba salansa ke fitar da ita kai tsaye ba: hayaƙin injuna da janareta ne ke haɗuwa da tiririn fetur da na fenti, zafin rana ya dafa su. Shi ya sa take yawaita daga azahar zuwa la'asar, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi kan haura digiri 40.

A daidai wannan lokaci ake fito da yara gudu. Mai gudu da baki yake numfashi, yana zuƙar iska ninkin-ba-ninkin ta mai zaune, har can cikin huhu. Za ka ga yaro ya tsaya tsakiyar fili, ya dafa gwiwoyi yana tari, yana cewa ƙirjinsa ya ɗaure, maƙogwaro na masa zafi. Masu ciwon asma kuwa abin ya fi tsanani. Wasu sun ce a sa takunkumi, amma ƙyalle ba ya tare ozon.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce kada ozon ta wuce maikirogiram 100 a kowace kubik mita ta iska, a matsakaicin awa 8. Muna roƙon Mai Girma ya sa baki hukumomin muhalli su kawo na'ura a auna iskar filin nan.

Kafin nan, akwai abin da umarninka kaɗai ya isa. A kira shugabannin makarantu da na kulob-kulob su mayar da atisaye bayan sallar asuba, ko kuma da yamma liƙis. A hana ƙona tayoyi da shara kusa da filin. Masu fenti 'yan'uwanmu ne masu neman halaliyarsu, ba mu ce a kore su ba, a sama musu wuri nesa da inda yara ke wasa.

Allah ya ja zamanin Hakimi, amin.

Mu ne,
Iyayen yara da masu horar da 'yan ƙwallo na unguwa.