Wa ke karanta abin da mitar gidana take rubutawa?

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini. Ni mai aikin wayarin ne, shekarata ashirin da 'yan kai ina hawa tsani, tun zamanin mita mai faifai da ake hango ta tana juyawa ta cikin gilashi. Wani kira da aka yi mini makon jiya ne ya sa na ɗauki biro.

Wani dattijo a layinmu ya aiko jikansa, wai in zo in ɗauke masa sabuwar mita daga bangon ɗakin kwanansa, don an turo masa saƙon murya cewa tana fitar da wani tururi mai jawo ciwon daji. Tun kafin in jingina tsani hancina ya ɗauki ƙaurin roba. Na haska tocila ƙarƙashin akwatin, sai ga wayar da ke shiga gida ta yi baƙi ƙirin, robarta ta narke har jan ƙarfen ya leƙo. Wanda ya ɗaura mitar bai matse sukurun bakin wayar ba, ga Hajiya tana haɗa hita da dutsen guga a kan layi ɗaya. Na ce, "Baba, Allah ya ja kwana, wannan wayar ce za ta cuce ka, ba tururi ba." Ya yi jim, ya ce shi kwana uku ke nan yana jin ƙaurin, ya ɗauka shara ake ƙonawa a bayan gida.

Ban taɓa murfin ba. Na kashe masa babban makunni, na ce a kira masu mitar, domin da zarar an ɗaga murfin irin waɗannan mitoci sai su kulle kansu, su rubuta rana da lokaci, kuma wuta ba za ta dawo ba sai kamfani ya ba da lambar buɗewa.

Babu tsafi a cikin mita. Akwai wata 'yar ƙwaƙwalwar kwamfuta da ke auna ƙarfin wuta da yawan wadda ke wucewa sau dubbai a daƙiƙa guda, ta haɗa lissafin ta fitar da yunit. Yunit ɗaya shi ne abin da na'ura mai wat 1,000 za ta ci in ta yi awa guda tana aiki. Jar fitilar nan mai ƙiftawa ita ce bakin mitar: a fuskarta an rubuta ƙiftawa nawa ne yunit ɗaya, wata 1,000, wata 1,600. Ka kashe komai na gidanka ka tsaya ka zuba mata ido. In ta ci gaba da ƙiftawa, to ko dai wata waya na zubar da wuta, ko wani maƙwabci na shan romonka.

Lambobi 20 da muke saya kuwa, tsari ne da aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu, kuma kowace lamba tana ɗauke da hatimin mintin da aka fitar da ita, shi ya sa ba ta shiga sau biyu. Daga farkon 1993 aka soma ƙirga mintocin, ma'ajin lissafin ya cika a ranar 24 ga Nuwamba, 2024. Dalilin layin nan ke nan da aka yi ta yi don karɓar lambobin sabunta mita. Ni kaɗai na danna wa gidaje sun fi talatin, har yatsana ya yi tsami.

Amma mitar kati ta da kurma ce, ba ta magana da kowa. Ta zamanin ita ce mai baki da kunne. Wata da layin waya a cikinta kamar na salula, wata kuma ta bi wayar wutar ta miƙa bayani ga wani akwati da ke jikin taransfoma. Daga ofis ana iya karanta ta, ana iya yanke wuta ko a maido ba tare da kowa ya hau falwaya ba. Maganar tururi dai, irin saƙon da wayar hannu ke aikawa ne, na 'yan daƙiƙoƙi, daga jikin bango, alhali wayar tana manne da kunnenmu wuni zubur. Gobara ita ce abin dubawa. A 2014, a lardin Saskacewan na Kanada, an ba da umarnin cire irin waɗannan mitoci kimanin 105,000 bayan takwas sun kama da wuta, bincike ya nuna ruwa da datti ne ke shiga cikinsu. Mu da muke da ƙurar hunturu da ruwan Agusta, ya kamata hukumar NEMSA mai gwada mitoci ta bi sawun yadda ake ɗaura su ma, kar a tsaya ga gwajin ɗakin bincike. Masu yin baifas da siririyar waya a bayan mita kuwa, na ga silin ɗin da ya ƙone ta dalilinsu ya fi a ƙirga.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mitar zamani tana iya rubuta abin da gida ya ci duk minti 15 ko 30. Ni da na san aikin, in ka ba ni wannan jadawali na wata guda, zan faɗa maka ƙarfe nawa ake dafa ruwan wanka a gidanku, yaushe ake kwanciya, ko akwai firiza ta sana'a a ciki, da ranar da kuka kulle ƙofa kuka tafi ƙauye yin Sallah. Wannan na ƙarshen ɓarawo zai biya kuɗi ya sani. Gidan Bahaushe ba a shigarsa sai da sallama, ko ɗan'uwa a zaure yake tsayawa, ga shi an kafa mana mai leƙe a bango ba wanda ya ce mana ga inda rahotonsa ke zuwa. A ƙasar Holan, majalisar dattawa ta ƙi yarda a tilasta wa mutane wannan mita a 2009 saboda sirrin gida, daga baya aka ba mutum damar ya ƙi karɓa, ko a kashe sashen da ke aika bayani. Mu ma muna da dokar kare bayanan mutane ta 2023 da hukumarta, NDPC. To a fito a gaya mana: wane ma'aikaci ne ke da ikon buɗe jadawalin gidana, shekara nawa ake ajiye shi, kuma ana ba 'yan kwangila ko kuwa?

Kar a ɗauka ina ƙin mita. Wanda ya sha bil na ƙiyasi, aka kawo masa takardar dubban nairori a watan da taransfoma ke kwance, ba zai ƙi ta ba. Sai dai mitar da ke iya ba da shaida a kaina in na taɓa murfinta, ita ce kuma ke rubuta mintin da wuta ta ɗauke da mintin da ta dawo. A Afrilun 2024 an ɗaga wa 'yan rukunin A kuɗin yunit zuwa naira 225 bisa alkawarin awa 20 a rana. Shaidar cika alkawarin ko saɓa shi tana nan cikin akwatin da ke bangonmu. Ina kira ga NERC, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wutar lantarki, ta wajabta a riƙa turo wa duk mai irin wannan mita wannan lissafi a wayarsa ƙarshen kowane wata, awa nawa ya samu, yunit nawa ya ci, ya riƙe a hannunsa ranar da zai je ƙorafi.

Shi Baba an zo an sake masa wayar, an matse sukurun. Mitar tana nan inda take, amma har yanzu ya ce sai an matsar masa da gado.

Naku,
Wani mai aikin wayarin,
Tudun Wada.