Ku kawo mana tarihin Alƙali Alan Page

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ina roƙon ku kawo mana tarihin Alan Page a shafinku na wasanni, saboda yaranmu da ke ganin wai boko da ƙwallo ba sa haɗuwa.

Mutumin nan baƙar fata ne, an haife shi a 1945 a garin Kanton na jihar Ohayo a Amurka, ya buga irin ƙwallon nan tasu ta hannu da ake saka hular kwano a kulob ɗin Minnesota Vikings, har a 1971 aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasar gaba ɗaya, amma duk da shahara da kuɗi bawan Allahn nan bai ajiye biro ba, yana wasa yana karatun lauya har ya gama a 1978. Wallahi wannan wajen shi ya fi taɓa ni. In kun ga hotonsa ku duba ƙaramin yatsansa na hagu, ya karkace saboda raunin da ya sha a fili.

A can kowace jiha da kotun ƙolinta, a jihar Minnesota kuma ƙuri'a ake kaɗa wa alƙalai, to a 1992 ya tsaya ya ci, shi ne baƙar fata na farko a kotun. Ya zauna tun 1993 har 2015 da ya cika shekara 70. Shi da matarsa kuma tun 1988 suka kafa gidauniyar da ke tallafa wa ɗalibai da kuɗin makaranta.

Na gode.

Mai karanta ku daga Zariya