Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Taga, Iska da Hayaniya a Gine-ginen Kaduna

Assalamu alaikum. Iyayen ƙungiya, ranka ya daɗe shugaba, 'yan uwa masu zanen gini, injiniyoyi, magina da kafintoci, ga rahoton abin da ƙungiyarmu ta gudanar a shekarar da ta ƙare, kamar yadda kwamitin zartarwa ya amince a gabatar muku. Mambobinmu da suka riga mu gidan gaskiya a cikin shekarar, Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Za ku tuna a babban taron bara aka yanke shawarar mu riƙe batu ɗaya tsawon shekara. Abin da aka zaɓa shi ne abin da mutum ke hangowa ta tagarsa da abin da ke shiga kunnensa idan yana cikin ɗaki. Wasu sun ga batun bai kai ya kawo ba, ganin yadda siminti da rodi suka yi tsada. Kwamiti bai kalle shi haka ba. Idan ana zancen gini mai kula da muhalli a garin nan, sola da tankin ruwa ne ke fara zuwa zuciya, a manta da wanda zai kwana a ɗakin ko yaron da zai zauna a ajin.

Da laccoci muka fara, a tarukanmu na wata-wata. A nan aka kawo mana binciken Roger Ulrich na 1984 a wani asibiti da ke jihar Pennsylvania ta Amurka, inda aka kwatanta majinyatan da aka yi wa aiki iri ɗaya. Waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa sun riga masu kallon bangon bulo samun sallama, kuma ba su sha maganin ciwo mai ƙarfi kamar su ba. Tsarin tantance gini na LEED yana ba da maki idan kashi 75 cikin 100 na wurin da mutane ke zama a kullum yana iya hango waje kai tsaye. Ta fuskar ƙara kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1999 ta ba da shawarar kada ta wuce desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 30 a ɗakin kwana da dare, 35 a cikin aji lokacin darasi. Mu ma a ƙasar nan hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli tana da dokokin kula da hayaniya tun 2009, kodayake da aka tambayi zauren, kaɗan ne suka taɓa karanta su. An rarraba kwafi.

Inda muhawara ta yi zafi shi ne wajen girman taga, domin a nan buƙatun ke karo. Ka buɗe bango ka zuba gilashi don a hango waje, ranar yamma ta watan Maris ta gasa ɗakin, ƙarar titi ta biyo baya. Ka toshe, ɗaki ya yi duhu, a kunna fitila da fanka da rana tsaka, wuta ta ɗauke, a tada janareta, hayaniyar da aka gudu ta dawo ta bayan gida. Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 ta nemi kada taga ta wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai an yi mata abin kare rana. Matsayar da muka cimma ita ce, tambayar ina taga ke kallo ta fi tambayar girmanta muhimmanci, kuma tun a takardar zane ake amsa ta.

Da damina ta sauka muka fita duba gine-gine. Wata makarantar firamare da ke kusa da babban titin baifas ce ta fi tsaya mana a rai. Tagogin ajujuwan duk titi suke kallo, na luba ne, rabin gilasan sun zube. Idan tirela ta taho, malama sai ta dakata da alli a hannu har ta wuce, sannan ta maimaita jimlar daga farko. Muna nan tsaye ruwan Agusta ya ɓarke a kan kwanon da ba silin, sai ka ga bakinta na motsi, yaran layin baya kuwa sun zuba mata ido kawai. A bayan ginin kuwa akwai fili da mangwaro biyu, shiru, bangon wannan ɓangaren ko taga ɗaya babu. Da an juya zanen, da kuɗin ginin bai ƙaru da ko kwabo ba. Mambobinmu kafintoci sun sa silin a aji ɗaya kyauta, hukumar makarantar kuma ta yarda a buɗe tagogi ta baya idan aka yi hutu. Allah ya saka wa waɗanda suka ba da katako da lokacinsu.

A gidajen haya na Tudun Wada da Rigasa, janareta ne babban abin kuka. Kusan ko'ina a ƙarƙashin tagar ɗakin kwana ake ajiye shi, na mai gida ko na maƙwabci, saboda nan ne igiya ta kai. Bayan ƙara akwai hayaƙi, wanda ke kisa cikin barci. Shawarar da muka riƙa bayarwa ita ce a fara da nisantar da shi: a fili, duk ninka tazara yana rage ƙarar da kimanin desibel 6, kuma ragin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an rage rabi. Sai a gina masa ɗan ɗaki na bulo mai inci 9 da filasta ciki da waje, a bar masa hanyar iska ta ɓangaren da ba kowa. Ƙara tana bin kafa kamar yadda ruwa ke bi, don haka ratar ƙarƙashin ƙofa da gefen firam suna iya ɓata aikin bango mai kauri.

Mun kuma je Zariya mun shiga tsofaffin gidajen ƙasa na cikin birni. Daga bakin titi ka shiga zaure, ka karya kwana, kafin ka kai tsakar gida hayaniyar waje ta mutu. Kaurin bangon tubali yana tare ƙara da zafi, ɗakuna kuma tsakar gida suke kallo, inda akwai sarari da inuwa. Ƙananan tagoginsu dai ba abin koyi ba ne, ɗakunan suna da duhu. Tsarin ne muke so matasanmu masu zane su ɗauka: katanga mai nauyi, bayi, sito da matakala su fuskanci titi, ɗakin kwana da falo su buɗe manyan tagogi zuwa ciki.

Dashen itatuwa ya gudana a wuraren da mambobi ke aiki, galibi darbejiya da mangwaro. A nan muna roƙon 'yan uwa su daina gaya wa masu gini cewa layin itace ɗaya zai tare ƙarar titi. Amfaninsa inuwa ne da abin kallo, da rage ƙurar hunturu. Tare ƙara aikin katanga ne da tazara.

Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi daban. Masu bashin kuɗin wata su daure su biya, domin da su ake son sayen na'urar auna ƙara ta ƙungiya, mu daina dogaro da manhajar waya wadda ba za a kafa hujja da ita ba.

A shekara mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu kammala takardar shawarwarin da muke son miƙa wa KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, kan makarantu da asibitocin da ake ginawa a bakin manyan tituna, mu kuma gayyaci ɗaliban zanen gini na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna su riƙa fita tare da mu. Duk mamban da ke da aikin da ba a haƙa harsashinsa ba, ya kawo zanen ofishin sakatare kafin damina, kwamitin fasaha zai duba masa inda tagogi da ɗakin janareta suka faɗo ba tare da biyan komai ba.

Sakataren ƙungiya,
a madadin kwamitin zartarwa, Kaduna