Kafin 'Yan Kasuwa Su Zuba Kuɗi a Manhajar Lissafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana 'yan kasuwa, musamman na Kantin Kwari da kasuwar Singa, waɗanda suke rububin sanya manhajar lissafi da ƙididdigar kaya a shagunansu. Yawancinsu suna ganin zaɓi biyu ne kawai, ko dai su sayi wadda aka riga aka haɗa, irin su QuickBooks da Sage, ko kuma su ɗauko wani matashi ya gina musu tasu daga tushe.

Ta sayen tana da inganci, amma da yawa da dala ake biyan kuɗinta duk wata ko shekara, kuma tun da Babban Banki ya saki darajar naira a watan Yunin 2023, dalar da ake samu kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a 2024. Sannan ba domin irin cinikinmu aka tsara ta ba. Alhaji zai sayo dila, ya sayar da atamfa turmi-turmi, shadda kuma yadi-yadi, ya ba abokin ciniki daga Maraɗi kaya bisa amana ana biya kaɗan-kaɗan, ga la'adar dillali a gefe. Idan manhajar ta yi wa yaron shago wuyar shigar da waɗannan, littafi zai koma, ita kuma kuɗinta na tafiya.

Gina sabuwa ya fi ba ni tsoro. Sau da yawa mutum ɗaya ne ya san cikinta, ranar da ya samu aiki a Abuja ko ƙasar waje kuwa, an bar mai shago da abin da ba mai iya gyarawa. Gyara kuma ba makawa, domin ko harajin VAT da ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020 sai da aka taɓa lissafin kowace manhaja.

Shawarata ga matsakaicin ɗan kasuwa ita ce ya ɗauki manhaja mai buɗaɗɗen tushe, wato wadda kowa ke da damar ganin yadda aka gina ta ya kuma yi mata gyara, wadda aka daɗe ana gwadawa, kamar ERPNext ta Indiya ko Odoo ta Beljiyam, a daidaita ta da cinikinsa, tunda masu iya aiki da su suna da yawa, in wani ya tafi wani zai ɗora. Sai dai kada a cika gyare-gyare, domin kowane ƙari yana iya ba da matsala ranar da aka sabunta ta.

Kafin a biya ko sisi, a rubuta a yarjejeniya cewa bayanan ciniki da sunayen masu bashi mallakin mai shago ne, zai iya kwashe su zuwa Excel duk lokacin da ya so, za a miƙa masa kwafin duk abin da aka ƙara, kuma a fayyace kuɗin kula da ita na shekara. A kuma gwada ta a gabansa ranar da babu intanet.

Wassalam,
Wani ɗan kasuwa, Kano