Takardar haƙƙin ƙirƙira: a auna da'awa da mudu ɗaya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku domin in yi tsokaci kan wani al'amari da ya shafi maƙeranmu na Agege da sauran masu haɗa injuna a Legas, wato yadda ake fassara da'awa, kalmomin da mutum ya rubuta a takardar haƙƙin ƙirƙira don fayyace abin da ya ce shi ya ƙirƙiro.

Dokar Najeriya ta shekarar 1970 ta shar'anta cewa abin da aka ƙirƙiro ya zama sabo, ya yi amfani a masana'anta, kuma kada ya zama abin da ke fitowa a fili daga ilimin da aka riga aka sani. Sai dai magatakardan da ke rajistar haƙƙin ƙirƙira a Abuja ba ya bin diddigin waɗannan sharuɗɗa. Cikar takardu kawai yake dubawa, sannan ya ba da haƙƙin shekara 20 ba tare da lamunin ingancinsa ba. Tantancewar ta ainihi sai an je Babbar Kotun Tarayya.

Sashe na 6 na dokar ya ce kalmomin da'awa ne ke shata iyakar haƙƙi, bayani da zane kuwa taimakon fassara suke yi. A ce mutum ya yi da'awar injin markaɗe “wanda na'ura ke juyawa”. Idan zai kai maƙeri ƙara, sai ya ce kowace irin na'ura yake nufi, amma da an nuna masa tsohon injin fetur da ke markaɗa tumatir a kasuwar Mile 12, sai ya ce ai mai lantarki kaɗai ya nufa, don kada a ce abin nasa ba sabo ba ne. Wannan awo da mudu biyu ne, kuma bai kamata alƙali ya lamunce shi ba. Kamata ya yi alƙali ya fara tsayar da ma'ana ɗaya, sannan ya gwada ta da abin da ya gabata.

Ko da an taƙaita da'awar, musanya injin fetur da na lantarki abu ne da kowane bakanike zai yi tunaninsa. Kotun Ƙolin Amurka ta bi irin wannan hanya a 2007, a shari'ar kamfanonin KSR da Teleflex, inda ta ga haɗa totur ɗin mota da na'urar lantarki da aka riga aka sani bai kai ƙirƙira ba. Amma fa a yi hattara, domin kowace dabara sauƙi gare ta bayan an ga wani ya yi.

Tunda dokarmu ta lissafa har abin da aka yi amfani da shi a bainar jama'a cikin ilimin da ya gabata, ina shawartar maƙeranmu su riƙa adana rasit da hotunan aikinsu masu kwanan wata, domin su zama hujjar cewa aikinsu ya riga da'awar wani.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Agege, Legas